Jakar Tarayya Ta Ƙi Buɗuwa: Bin Sawun Matsalar A Ƙananan Ofisoshin Ƙasar Gumel



Na san akwai waɗanda tun da suka ga kan wannan lacca suke tambayar kansu, me ya haɗa kifi da kaska, watau ina malamin Hausa ina zancen kwamfuta. Abin da ya haɗa mu wahala ce. Akwai shekarar da mu uku muka fita aikin tattara adabin baka a ƙasar Gumel, muna yini a ƙauyuka muna ɗaukar muryoyin tsofaffi, da dare mu dawo masauki mu juye abin da muka samu cikin kwamfuta ɗaya, kowa ya riƙa jawo nasa kason daga can yana rubutawa. Wata safiya tawa kwamfutar ta ƙi ganin jakar da muke tara aikin. Muka zargi ƙwayar cuta, muka zargi zafi, har na fara zargin ɗaya daga cikin abokan tafiyata. Sai bayan kwana biyu wani yaro ɗan makarantar sakandare ya duba ya ce, “Malam, ai taka ba ta cikin gidan nan.” Ashe ni ne na haɗa ta da wayata don in aika wasiƙa, na mance ban mayar da ita kan na'urar da ta haɗa mu ba. Tun daga ranar na ƙudurta cewa zan fahimci wannan al'amari, in kuma iya bayyana shi da Hausa.

Kafin zuwan kwamfuta, ofis yana da tsarinsa na raba takardu, kuma tsofaffin ma'aikata da ke nan sun san shi. A zamanin En'e, da kuma bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, fayil yana zaune ne a rajista. Akawu ne ke riƙe da shi, masinja ne ke kai shi teburin wanda ya nema, akwai kuma littafin da ake sa hannu a kan wa ya karɓa, yaushe ya dawo da shi. Fayil ɗin sirri yana da nasa kabad da nasa makulli. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, kuma a zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen rungumar fasahar kwamfuta, har aka kafa makarantar koyon ta a Kazaure. Sannu a hankali na'urar ta shiga sakatariyoyin ƙananan hukumomin masarautar nan huɗu, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta shiga asibitoci da makarantu, ta shiga har shagunan buga takardu na bakin kasuwa. Amma abin lura shi ne, na'urar ta shigo, tsarin rajista bai biyo ta ba. Akawu da masinja da littafin sa hannu da makulli duk suna nan cikin kwamfuta, sai dai ba a ganinsu da ido, kuma sau da yawa babu wanda aka ɗora wa alhakinsu.

Mece Ce Jakar Tarayya?

Bari mu fara da suna, tun da shi ne sana'ata. Wasu suna cewa folda, kuma ba na faɗa da wannan, domin Hausa ta ari fayil da ofis da tebur ba ta mutu ba. Ni dai na fi son jaka, saboda ta fi nuna abin da ake nufi: mazubi ne da ake tara fayiloli a ciki. Jakar tarayya kuwa ita ce wadda take zaune cikin kwamfuta ɗaya, amma aka ba sauran kwamfutocin ofis damar su buɗe ta daga inda suke. Manomi zai gane wannan nan da nan. Akwai gayauna, wadda amfaninta na mai ita ne shi kaɗai, akwai kuma gandu, wanda hatsinsa ke shiga rumbun da dukan gida ke ci daga ciki, amma ba kowa ne ke da ikon buɗe shi ba. Kwamfutar da jakar take cikinta ita ake kira uwar garke.

Mutane da yawa suna zaton jakar tana wani wuri ne a sarari, tsakanin kwamfutoci. Ba haka ba ne. Tana cikin wata na'ura takamaimiya, a kan wani tebur, a ɗakin wani mutum. Idan ya kashe ta ya tafi salla, ko ta yi barci don an daɗe ba a taɓa ta ba, ko ta hannu ce ya saka ta a jaka ya tafi taro Dutse da ita, to rumbu ya tafi da hatsinsa. Saboda haka kafin a kira kowa, a tashi a je a duba uwar garke: tana kunne? A farke take? Kuma a yi wa kai tambayoyi biyu waɗanda suke rage rabin aiki. Mutum ɗaya ne ya kasa shiga, ko kowa da kowa? In kowa ne, laifin yana wajen uwar garke ko na'urar da ta haɗa su. In mutum ɗaya ne, a bar uwar garke ta huta, a koma teburinsa. Tambaya ta biyu kuwa ita ce, jiya ta yi aiki? In ta yi, me aka canja tsakanin jiya da yau?

Baƙo A Ƙofar Gida

Hanyar da na ga ta fi sauƙi wajen bin sawun matsalar ita ce a ɗauki kwamfutar mai nema a matsayin baƙo da ya taso zuwa gidan wani. Dole ya sami hanya, ya gane gidan, ya tarar da ƙofa a buɗe, ya yi sallama a san ko shi wane ne, sa'an nan maigida ya ce masa ya tsaya a zaure ko ya shigo ciki. A kowane ɗaya daga waɗannan wurare tafiyarsa tana iya tsayawa, kuma saƙon da kwamfuta ta fitar shi ke nuna inda ta tsaya. Abin takaici, yawancinmu ba ma karanta saƙon. Da mun ga akwati ya fito da rubutun Turanci sai mu rufe shi, mu ce “ta ƙi.” Alhali kuwa saƙon da ke cewa ba a sami hanyar ba, wanda a kan Windows yakan zo da lamba 0x80070035, daban yake da wanda ke neman suna da kalmar sirri, daban kuma da wanda ke cewa ba ka da izini. Na ƙarshen nan ma albishir ne, domin yana nufin hanya lafiya, gida an gane shi, ƙofa a buɗe, saura magana da maigida kawai. Wanda ya ga wannan saƙo ya kama jan wayoyi yana canja su, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu fara da hanya. A ƙaramin ofis akwai na'ura guda da kwamfutoci suke haɗuwa a kanta, wadda ma'aikata ke kira rauta, wasu ta waya, wasu ta iska. In ta waya ce, a duba ƙaramar fitilar da ke bakin ramin da wayar take shiga. In ba ta ƙyaftawa, wayar ta saki, ko kanta ya karye, ko ɓera ya yi aikinsa a bayan kabad, ko ƙurar hunturu ta cika ramin. In ta iska ce, a duba sunan layin da kwamfutar ta hau. A nan ne irin kuskurena yake faruwa, kuma yana faruwa kullum, domin kuɗin intanet na ofis yakan ƙare, sai kowane ma'aikaci ya jona kwamfutarsa da wayarsa. Intanet za ta yi aiki sarai, shi ya sa ba ya zargin kome, amma shi da uwar garke sun zama mutanen garuruwa biyu.

Akwai yadda za a tabbatar. Kowace kwamfuta a kan layi tana da lambar adireshi mai kashi huɗu, kamar 192.168.0.5. A buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, a rubuta ipconfig, lambar za ta fito. A irin ƙananan ofisoshinmu, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya a kan dukan kwamfutoci, kashi na huɗu ne kaɗai ke bambanta, kamar dai sunan unguwa da lambar gida. In uwar garke tana 192.168.0.5, taka kuwa tana 192.168.8.20, ba unguwarku ɗaya ba. In kuwa lambar ta fara da 169.254, ma'anarta kwamfutar ta nemi rauta ta ba ta adireshi ba ta sami amsa ba, sai ta laƙa wa kanta na wucin gadi. To a koma kan rauta da wayarta. Bayan haka a rubuta ping, a bar fili, a rubuta lambar uwar garke. Wannan kamar ƙwanƙwasa ƙofa ne daga nesa. In amsa ta dawo, hanya ta tabbata. In ba ta dawo ba, kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin wasu kwamfutocin an tsara su kada su amsa irin wannan kira.

Yanzu ga wurin da nake so ma'aikata su buɗe kunne, domin ya shafi yanayin wutar lantarkinmu kai tsaye. Rauta ce ke raba lambobin nan, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Idan wuta ta ɗauke aka tada janareta, ko aka koma kan batirin hasken rana, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma tana iya sake rabon lambobi bisa wanda ya riga isowa. Uwar garke da jiya take lamba 5, yau ta zama lamba 9. Duk wanda aka yi wa gajeriyar hanya a fuskar kwamfutarsa zuwa lamba 5, yau zai je ya tarar da wani gida daban, ko kango. Wannan shi ne asirin jakar da take buɗuwa ran Litinin ta ƙi ran Talata ba tare da kowa ya taɓa kome ba, har a fara zancen aljanu. Maganinsa aikin minti goma ne: a shiga tsarin rauta a keɓe wa uwar garke lamba ɗaya ta dindindin, a rubuta lambar a takarda, a manna a jikinta.

Wani lokaci kuma lambar daidai take, sunan ne ya ɓace. Gwajin mai sauƙi ne. A sandar adireshi ta taga mai nuna jakunkuna, a rubuta karkatattun layuka biyu da lambar, kamar haka: \\192.168.0.5. In jakar ta fito ta wannan hanya amma ta ƙi fitowa da sunan kwamfutar, to matsalar ta fassara suna zuwa lamba ce kawai, aiki kuma zai iya ci gaba. Haka nan rashin ganin uwar garke a jerin kwamfutocin da Windows ke nunawa ba hujja ba ce cewa ba ta nan. Jerin nan ba abin dogara ba ne ƙwarai.

Ganuwa Da Ƙofarta

Kowace kwamfuta tana da ganuwar tsaro, mai ƙofofi masu lamba, kuma zirga-zirgar jakar tarayya ta ƙofa mai lamba 445 take bi. Windows yana tambaya, a karon farko da aka hau sabon layi, shin wannan layin na gida ne ko na bainar jama'a. In aka ce na jama'a ne, sai ya rufe ƙofar, kuma daidai ya yi, domin wanda ya buɗe kwamfutarsa a kasuwar Maigatari ran Alhamis, cikin fatake daga ko'ina har da Jamhuriyar Nijar, ba zai so kowa ya leƙa takardunsa ba. Matsalar ita ce, idan aka canja rauta ko aka canja sunan layi, Windows yakan ɗauke shi baƙon layi, ya mayar da shi na jama'a ba da shawara ba. Gyaran shi ne a mayar da shi na gida a kan uwar garke, a tabbatar an kunna raba fayiloli. Abin da na ga masu gyara da yawa suna yi kuwa shi ne su kashe ganuwar ɗungum. Jaka za ta buɗu, a biya su, su tafi. A ganina wannan rushe katangar gida ne don makulli ya ɓace.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi ba ni sha'awa saboda dalilin da kuka sani. Kwamfutoci suna magana da juna kan fayiloli da wata ƙa'ida mai suna SMB, wadda aka fara tsarawa a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa. Ta biyu ta fito tare da Windows Vista a 2006, ta uku tare da Windows 8 a 2012. Windows XP, wanda Microsoft ya daina kula da shi a 2014, ta farkon kaɗai ya iya. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohuwar ƙa'idar ta shiga kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayiloli tana neman fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen wannan shekara sababbin fitowar Windows 10 suka fara ajiye tsohuwar ƙa'idar gefe. Saboda haka idan ofis ya sayi sabuwar kwamfuta, ta ƙi jituwa da tsohuwar da ke ɗakin akanta, ko tsohon injin hoton takardu ya daina aika abin da ya ɗauka zuwa jaka, sau da yawa ba lalacewa ba ce, kaka da jika ne ba sa jin yaren juna. Ana iya tilasta wa sabuwar ta koma tsohon yare, akwai maɓallin yin haka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya fi shi ne a kwashe jakar daga tsohuwar na'ura a mayar da ita kan sabuwa. A kuma tuna cewa shi kansa Windows 10 wa'adin kulawarsa ta yau da kullum ya ƙare a watan Oktoba na 2025.

Sallama Da Izini

Baƙo ya iso, an tambaye shi wane ne. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya rubuta suna da kalmar sirrin da yake buɗe tasa kwamfutar da su. Uwar garke ba ta san su ba. Abin da take nema shi ne suna da kalmar sirri da aka yi wa rajista a cikinta ita kanta. 'Yar gajeriyar lambar nan da wasu ke buɗe kwamfuta da ita ma ba ta aiki a nan, haka kuma sunan da ba a sa masa kalmar sirri ba sam, Windows ba ya barinsa ya shigo ta layi. In kuwa an canja kalmar sirri a uwar garke, sauran kwamfutoci sukan ci gaba da miƙa tsohuwar da suka haddace, ana korarsu, ba su kuma tambayi mai su sabuwa ba, sai an shiga ma'ajiyar kalmomin sirri an goge tsohuwar. Shigar baƙo marar suna, wadda a da ofisoshi suka dogara da ita, ita ma an ƙara tsananta ta a fitowar Windows 11 ta 2024.

Izini kuwa kwaɗo biyu ne a ƙofa ɗaya. Akwai izinin da ake bayarwa a shafin rabawa, akwai kuma na shafin tsaro, wanda yake manne da jakar kanta. Wanda ya zo ta layi dole ya wuce duka biyun, kuma wanda ya fi tsanani shi ke yin hukunci. In na farko ya ce ka karanta ka gyara, na biyu ya ce karatu kawai, to karatu kawai za ka yi. Yawancin masu cewa “na ba shi izini amma ta ƙi” kwaɗo ɗaya suka buɗe. Idan gajiya ta zo, sai a ba rukunin kowa-da-kowa cikakken iko a wurare biyun. A yi tunanin abin da wannan ke nufi a jakar da ke ɗauke da jerin albashin ma'aikata, ko makin jarrabawar ɗalibai a makaranta irin Kwalejin Ilimi ta Gumel: duk wanda ya sami kalmar sirrin layin iska, ko da daga ƙarƙashin bishiyar harabar ne, yana iya mayar da 39 ta zama 69, kuma tun da kowa da suna ɗaya yake shiga, ba za a san wa ya yi ba. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, wanda kwamfutar take kan teburinsa shi zai amsa tambaya.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake gani shi ne tushen yawancin matsalolin, watau canjin wurin aiki. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yau yana Gagarawa, gobe takarda ta fito an mayar da shi Sule Tankarkar. Takardar miƙa aiki da zai bari za ta lissafa kujeru da kabad da makullai da kwamfuta guda biyar, amma ba za ta ambaci kalmar sirrin mai cikakken iko a kan uwar garke ba, ko ta shiga rauta, ko wa aka ba izinin me. Duk suna cikin kansa, sun hau mota tare da shi. Magajinsa zai zo ya tarar da rumbu a kulle, ya kira mai gyara, mai gyara kuma ya ce sai an wanke na'urar an sake zuba mata Windows, aikin shekaru ya bi ruwa. Shi kuma wanda ya tafi, sunansa yana nan da cikakken izini. Shawarata ita ce kowane ma'aikaci ya sami nasa suna, izini kuma a ba rukuni, kamar sashen kuɗi ko sashen mulki, yadda in mutum ya tafi sai a cire shi a sa wani. Manyan kalmomin sirri a rubuta su, a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye fayilolin sirri, a kuma ƙara layi ɗaya a takardar miƙa aiki dominsu.

Saura ƙananan abubuwa da ake ɗauka lalacewa ce alhali ƙa'ida ce. Windows na teburin ofis ba ya karɓar fiye da kwamfutoci 20 a lokaci guda, don haka a ɗakin koyar da ɗalibai na ashirin da ɗaya zai tsaya a waje har wani ya fita. Fayil ɗin Excel da wani ya riga ya buɗe, na biyu karatu kawai zai samu, kamar dai yadda fayil ɗin takarda ba ya zama a tebur biyu. Sai kuma wanda ya fi su haɗari: fayil ɗin da aka goge daga jakar tarayya ta kan layi ba ya faɗawa kwandon shara na kwamfutar wanda ya goge, ba ya kuma faɗawa na uwar garke. Ya tafi ke nan. Don haka wajibi ne wani mutum sananne, wanda aka ambaci sunansa a rubuce, ya riƙa kwafe jakar zuwa faifan waje duk ranar Juma'a kafin a tashi, ya cire faifan daga jikin na'urar, ya kulle shi a wani ɗaki daban da wanda uwar garke take.